Sakan Biyun da Na Sata

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin koyon aikina, na ba ku na aurena da uwarku, har na jakin da ya kayar da ni a tsakiyar kasuwar Badagishiri na ba ku, kuka yi ta dariya. Amma duk lokacin da alƙalami ya kawo ni shekarar da ƙanena Illa ya rasu, sai in tsallake. Kun tashi kuna jin mutanen Konni suna cewa gudun ganganci ne ya kashe Baba Illa, ni kuma ana faɗa a gabana, ban taɓa cewa uffan ba. Ke Dije, ɗiyarsa, da kika girma a gidana ba ki taɓa ganin fuskarsa ba, ke kika fi kowa shan wannan maganar. Yanzu idona ya gaji, ba ni da sauran wurin tsallakawa. Illa bai yi ganganci ba, kuma zan faɗa muku yadda aka yi na sani.

Shekarar ita ce wadda aka gama shimfiɗa kwalta tsakanin Konni da Malbaza, kafin babbar yunwa da kaɗan. Lokacin ina da garaji a bayan tasha, rumfar kwano ce da rami ɗaya, amma in kun ji yadda nake maganarta sai ku ce fadar shugaban ƙasa ce. Na iya aiki, wannan ba zan yi muku ƙaryar tawali'u ba. Ina jin ƙarar inji daga nesa in faɗi abin da ke damunsa. Sai dai bakina ya fi hannuna sauri. Na sha faɗa a gaban direbobi cewa ƙarfen da zai gagare ni bai shigo Konni ba tukuna, kuma na faɗa har na yarda da kaina.

Illa kuwa, da na girme shi da shekara shida, ba mu haɗa komai ba sai kamannin hanci. Direba ne, amma irin direban da fasinja ke yi wa tsaki. A tasha Sannu-Sannu ake ce masa. Ba ya wuce mota a hanya sai ya yi lissafi, kuma lissafinsa da turakun wayar tarho yake yi, waɗanda ke jere a gefen hanya. Ya san cewa kamiyo, wato babbar mota, mai lodin siminti daga Malbaza ba ya wuce gudun saba'in a miƙaƙƙiyar hanya. Ya san in allurar agogon gudunsa tana kan kaza, turaku kaza yake bukata kafin ya sha gaban kamiyon ya koma hannunsa. In turakun da ke tsakaninsa da kwana ko gada ba su kai ba, zai bi bayan kamiyon yana shan hayaƙi har Tsarnawa, ko a jikinsa. Za ku gan shi yana tuƙi bakinsa yana motsi, baƙo ya zaci tasbihi yake yi, alhali turaku yake ƙirgawa. Na sha yi masa ba'a a kan haka, shi kuma murmushi kawai yake yi.

A wannan shekarar aka turo wani ma'aikacin gwamnati daga gabas, Mushe Umaru, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ɗauki Illa direba. Ba mugun mutum ba ne, saurayi ne mai son a kalle shi. Bai daɗe ba ya sayi wata ƙaramar mota daga hannun wani Nasara da zai koma gida. Ja ce jawur, kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa har kana iya taɓa kwalta da hannu daga inda kake zaune. An yi ta ne don gudu, ba don wani abu ba. Kafin sati mutanen gari sun sa mata suna Barkono. Ranar da Illa ya fara ajiye ta a ƙofar gidanmu, Inna ta fito ta kewaye ta sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta koma ta kama zaninta.

"Mota da ba ta ɗaukar buhun hatsi guda, mi ar ranarta? Wanga takalmin shaiɗan na, ku ɗauke mani shi daga ƙohwa."

Rabi, matar Illa, tana da cikin Dije wata shida, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce Allah ya haɗa motar da ta fi kowace sauri da direban da ya fi kowa nawa, sai a ga wanda zai koya wa wani hali. A gidan nan haka muke a lokacin, tsakar gida ɗaya, tukunya ɗaya, kowa yana tsokanar kowa.

Motar ta zo da wani ɗan littafi na Faransanci, kuma wannan littafin shi ya ja mana. A ciki an rubuta cewa daga tsaye cik zuwa gudun ɗari, sakan goma sha ɗaya take yi. Mushe Umaru ya gwada da agogon hannunsa mai hannun sakan, ya sami goma sha bakwai. Ya kawo ta garajina ransa a ɓace, ya buɗe mini shafin ya ɗora yatsa a kan lambar, ya tambaye ni ko zan iya mayar da ita yadda masu ita suka yi ta. Direbobi sun kai goma a rumfar suna saurare. Ban ma buɗe injin ba na ce masa ya ba ni wata ɗaya.

Muka sami wurin awo a hanyar Tsarnawa, bayan an wuce lambunan ƙarshe, inda hanya ta miƙe ba kwana. Akwai dutsen kilomita a wurin, nan muke tsayawa. Da an sallame asuba muke fita, domin na lura inji ya fi jan numfashi kafin rana ta ɗumama iska. Illa yana tuƙi, ni ina gefensa da agogo a tafin hannu. In na ce bismillah ya saki, idona ɗaya a kan agogo ɗaya a kan allura, tana taɓa ɗari in buga masa cinya. Mu yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, don kada iska ta ruɗe mu, in zana lambobin da ƙusa a jikin kwanon rumfata. Na kwance karburato guda biyun na wanke su na daidaita su da kunne har suka riƙa numfashi tare. Na aika Sakkwato aka sayo mini sababbin buji, wato fulogi. Mai kuwa ba na zuba shi sai na tace da farin ƙyalle. Na cire tayar ajiya da duk wani ƙarfen da ba ya aikin komai, na huda tukunyar hayaƙi ta samu hanyar fita, ƙararta ta koma kamar ta tsaga gari. Daga sha bakwai muka sauko sha biyar, daga nan sha huɗu, ranar da muka ga sha uku Illa da kansa ya yi kabbara. Waɗannan safiyoyin, ni da shi a kan hanyar da ba kowa, su ne mafi daɗin abin da na yi da ɗan'uwana a duniya.

A sha uku ta tsaya. Na yi kwana goma ina juya ta, ba ta ƙara ko rabin sakan ba. Yau na san dalili: inji ya tsufa, zoben fistin ya ci, kuma lambar littafin a ƙasar sanyi aka auna ta, da sabuwar mota. Da na faɗa wa Mushe Umaru haka, da ya yi ɗan gunaguni ya haƙura. Amma sai ya riga ni magana. Ya zo rumfa ranar Alhamis, ya dubi zanen ƙusata, ya ce cikin raha, a gaban mutane, ya ji akwai wani makanike a Sakkwato da ba a kai masa mota ta dawo da kunya, in abin ya fi ƙarfina ba laifi ba ne, sai ya aika ta can. Wani direba ya yi tari irin na dariya. Na ce masa ya zo da agogonsa ranar Asabar da asuba, ya auna da hannunsa.

Washegari Juma'a, kowa ya tafi masallaci, ni ban je ba. Na ja ƙyauren rumfa na kwance agogon gudun daga gaban motar. A bayan allurar akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe, bai fi gashi kauri ba, shi yake riƙe ta kada ta hau fiye da gudun da ake yi. Na sassauta shi kaɗan da bakin allurar ɗinki. Ina jin huɗuba daga nesa ina wannan aikin. Da na mayar na ɗan zagaya da ita bayan gari, na gane cewa yanzu in allura ta nuna ɗari, gaskiyar gudun bai fi tamanin da bakwai ba. Na gaya wa kaina kwana biyu ne kawai, in Mushe ya ga lambarsa ya huce, sai in mayar da ƙarfen yadda yake. Har na gaya wa kaina don Illa nake yi, kada a kai motar Sakkwato a samo wani direba a can. Ƙarya ce. Don tarin direban nan na yi.

Ranar Asabar na tsaya a dutsen kilomita ina kallon su suna tashi, Illa a sitiyari, Mushe Umaru da agogo. Suka dawo Mushe yana tsaye a cikin motar yana ɗaga hannu. Sha ɗaya, sau uku a jere. Ya rungume ni da man da ke jikina, kafin azahar labari ya cika tasha, har wanda ya yi tarin ya zo ya ba ni hannu. Illa kaɗai ne bai shiga murnar ba. Sai da magariba, muna cin tuwo a tsakar gida, Inna tana gefe tana jan carbi, Rabi tana miƙo ruwa, ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya, mi kaƙ ƙara mata jiya? Kunnena na jin gudu, idona na ganin allura, amma bayana bai ji ta ƙara komi ba. Yadda take tura ni shekaranjiya, haka nij ji yau."

Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini. Mu huɗu ne, duk 'yan gida, ba direban tasha ko ɗaya. Amma ni ne babba, ni na koya masa riƙe sitiyari, kuma ban taɓa janye magana a gabansa ba tun yana rarrafe. Na ajiye lomar da ke hannuna na ce masa:

"Bayanka da agogon Mushe, wa ya fi sanin sakan? Ka ci tuwonka."

Inna ta ce masa ya daina gardama da yayansa a kan ƙarfe, kowa da abin da Allah ya hore masa. Illa ya gyaɗa kai.

"To, tunda kai kac ce, shi ke nan. Sai in gyara lissahina."

Na ji wannan maganar sarai, kuma na san abin da take nufi. Zai ɗauki allurar da na lalata ya gina ƙirgen turakunsa a kanta. Na ci gaba da cin tuwo.

Kwana tara motar ta yi a haka. Mushe Umaru ya riƙe ta yana zagaya abokansa ɗaya bayan ɗaya suna ganin sha ɗaya da idonsu, ban sami hannuna a kanta ba. Sau ɗaya Illa ya kawo ta ranar kasuwa don a ƙara wa taya iska. Na tsuguna kusa da ƙafarsa ina riƙe da famfo, maganar tana bakina, amma rumfar cike take da mutane. Na ce a raina gobe. Ya shiga ya tayar, ya ce mini Rabi tana son in biya da goro in zan dawo gida.

A rana ta tara aka aike shi Malbaza da wasu takardu, shi kaɗai. A hanyar dawowa, da hantsi, kafin wata ƙaramar gada da ba ta ɗaukar mota biyu a jere, ya fito zai wuce kamiyon siminti. Bai gama wucewa ba gadar ta iso. Ya bugi kafaɗarta ta kankare, motar ta juya ta faɗa cikin busasshen rafi. Waɗanda suka fara isa sun ce bai sha wahala ba, kuma na zaɓi in yarda da su.

Ni aka kira in zo in duba motar, tunda ni ne makanikenta. Jandarman da ke rubutu ya nuna mini agogon gudun. Gilashinsa ya fashe, allurar ta maƙale a kan ɗari da ashirin. Ya tambaye ni, a hankali, don ya san ƙanena ne, ko wannan agogon yana aiki daidai. Gawar Illa tana gefen hanya an rufe ta da rawanin wani matafiyi. Na ce masa daidai yake. Ya rubuta, kuma abin da ya rubuta shi ya zama labarin Illa har yau: ɗari da ashirin a bakin gada. Ba laifin jandarman ba ne, ya tambayi wanda ya kamata ya tambaya.

Direban kamiyon wani dattijo ne mutumin Illela. Bayan sadakar uku ya same ni a bayan gida, ya ce akwai abin da ya tsaya masa a rai. Ya ce ya san Illa a hanya shekara da shekaru, bai taɓa ganin ya yi wuce na wauta ba, kuma a ranar ma da nisa ya fito, da sarari a gabansa.

"Amma sai ya daɗe a gehena, kamar motar ta ƙi wucewa. Na leƙo, na ga bakinai na motsi, yana duban gaban motar yana duban hanya, yana sake dubawa. Na taka birki, lodi ya ƙi. Ban san mi yake karantawa ba."

Ni na sani. Ya ƙirga turakun da lissafinsa ya ba shi, sun ƙare, kamiyon yana nan a gefensa. Allura tana ce masa ɗari, kamiyo yana ce masa ƙarya ne, shi kuma yayansa ya ce ya yarda da allura. Da ya gane sai ya taka iya takawa, shi ne ta hau inda ta maƙale, kuma ko a nan ɗin ma ƙarya take yi. Na yi wa dattijon godiya, na ce masa kwana ne ya ƙare.

Abin da ya biyo baya kun ga wani, ba ku ga wani ba. A tasha aka daina cewa Sannu-Sannu. Aka ce dama shiru-shirun nan munafunci ne, ya sami motar mai gida shi kaɗai ya ce bari ya gwada. Mushe Umaru ya zo ta'aziyya da hawaye, ya ce shi ya aike shi amma bai ce masa ya tashi sama ba, kuma ban ga laifinsa ba. Rabi ta haihu bayan wata biyu. Ta yi shekara ba ta ambaci sunan mijinta ba, don fushi, tana cewa ya zaɓi gudu ya bar ta da ciki. Da aka yaye Dije, Rabi ta yi aure a Dogarawa, ta bar mini yarinyar. Mutane suka yi ta yaba mini, wai na riƙe marainiya kamar tawa, ni kuma ina karɓar yabon.

Na Inna ya fi ci mini rai. Ta rayu shekara huɗu bayansa, ba ta ƙara tsokanar kowa ba. A ciwonta na ƙarshe, wata la'asar, ta sa aka kira ni, ta kama hannuna da hannuwanta biyu.

"Na yahe ma Illa. Ya yi gaugawa ya bar ni, amma na yahe mai. Kai ko, Garba, ba ka taɓa sa ni kuka ba. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin. Ta tafi tana yafe wa wanda bai yi laifi ba, tana sa wa mai laifin albarka, kuma da bakina na amsa. Tun da aka binne ta ban taɓa iya kallon kabarinta kai tsaye ba, ko da na raka wata gawar.

Ban daina aiki ba, da shi na ciyar da ku. Amma kun sha tambayata dalilin da ya sa duk motar da ta shigo garajina, ko tayarta kawai aka kawo, sai na fita da ita hanyar Tsarnawa na gwada allurarta tsakanin duwatsun kilomita biyu, har masu motoci suna cewa tsufa ya fara taɓa ni. Dalilin ke nan. Ban taɓa samun wadda ta yi ƙarya kamar wadda na yi da hannuna ba.

Dije, na tuna ranar da kika dawo daga lakwal, makarantar boko, kina kuka, kina 'yar shekara tara, don kin yi tsere kin ci, wata malama ta ce ba mamaki, jinin gudu ne, Allah dai ya sa kada ki ƙare kamar ubanki. Na share miki hawaye na saya miki alewa. Daga ranar ba ki ƙara yin tsere ba, kuma na lura har kika girma ba kya son a tambaye ki sunan mahaifinki a cikin mutane. Ina kallo, na bar ki a haka shekara arba'in da wani abu.

A ƙasan akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin babbar rigar sallah, akwai wani abu a naɗe cikin tsohon buhun siminti. Agogon gudun Barkono ne, na cire shi kafin a ja motar. Allurar tana nan inda ta tsaya. Ki kai wa duk makaniken da kika yarda da shi, ya buɗe bayansa ya dubi siririn ƙarfen, zai gaya miki an taɓa shi. Ban ce ki yafe mini ba, wannan ya rage naki. Amma uwarki tana raye a Dogarawa, ƙafata ba ta kai ni, kuma ko tana kai ni ban san ko bakina zai buɗe ba. Ki je ki karanta mata wannan babin tun tana ji. Ki ce mata Illa ya ƙirga turakunsa daidai.